Yadda Ake Ƙara wa Laftof Mai Girafik na Cikin Farosesa Ƙarfin Wasa Ba Tare da An Ƙona Ta Ba

A watan Afrilun da ya wuce ƙanena ya kawo mini laftof ɗinsa har gida a Tudun Wada, wadda ya saya ta hannu a wani shago kusa da babbar kasuwar Kaduna, ya ce: "Yaya, ka yi mata obakilok ɗin nan da ake faɗa, don idan na kunna ƙwallo minti biyar na farko lafiya lau, daga nan sai 'yan wasan su riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙafa." Ban ƙara gudun agogonta ba ko kaɗan, amma bayan kwana biyu ya koma da ita tana wasa sumul. Abin da na yi mata shi ne abin da zan shimfiɗa a nan, a kan tsarin da na bi, domin jerin matakan yana da muhimmanci kamar matakan su kansu.

Dole ne mai karatu ya fara fahimtar abin da ke cikin na'urarsa. Laftof mai girafik na ciki ba ta da katin hoto na daban. Sashen da ke zana hoton wasa yana zaune ne a jikin farosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kamar Intel UHD 620 da ke cikin Core i5-8250U na shekarar 2017, ko Iris Xe na farosesan Intel ƙarni na 11, ko kuma Radeon Vega 8 da ke cikin Ryzen 5 3500U. Wannan zaman gida ɗaya yana nufin abubuwa uku suke rabawa: wutar da aka ware musu, wadda a farosesa masu harafin U a ƙarshe yawanci wat 15 ce kacal, bututun jan ƙarfe da fanka ɗaya da ke fitar da zafinsu, da kuma RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, domin sashen hoton ba shi da ma'ajiyar kansa. Obakilok na ainihi, wato ɗaga gudun agogo sama da abin da kamfani ya rubuta, Intel ta buɗe shi ne a farosesa masu haruffan K da HK da HX, na U kuwa a kulle suke. Ko da a buɗe suke ma, ƙarin gudun ba zai amfane ka ba, saboda yawancin waɗannan laftof ba sa iya riƙe gudun da aka riga aka ba su. UHD 620 na i5-8250U an halatta masa kaiwa megahaz 1,100, amma da zarar zafi ya taru ko wutar da aka ware ta ƙare, sai ya sauka ƙasa da haka sosai. Aikinmu shi ne mu cire abubuwan da ke danne shi.

Mataki na farko shi ne awo, kuma kada ka tsallake shi, domin wanda bai auna kafin ya fara ba ba zai san ko ya ci gaba ko ya ja baya ba. Ka sauke HWiNFO64 da CPU-Z daga shafukan masu su, sannan ka sauke MSI Afterburner tare da RivaTuner Statistics Server da ke zuwa da shi. Afterburner ba zai ƙara wa girafik na Intel gudu ba, amfaninsa a nan shi ne ya nuna maka a kusurwar allo adadin hotunan da ake zanawa a kowace daƙiƙa, wanda ake taƙaitawa da FPS. Ka jona caja, ka buɗe HWiNFO64 a sashen na'urorin awo kaɗai, ka kunna wasan da ka saba yi, ka buga na tsawon minti ashirin a wuri ɗaya da saiti ɗaya. Ka rubuta a takarda zafin farosesa mafi tsanani, da gudun sashen hoto a farko da kuma a ƙarshe, da wat nawa farosesa ke ja, da FPS. Akwai layuka a HWiNFO64 da ke amsa Yes ko No a kan ko zafi ne ya rage gudu ko kuwa iyakar wuta ce. Yawancin farosesan Intel na laftof suna fara rage gudu da kansu a kusa da digiri 100, wasu kamfanonin ma sukan saita shi ƙasa da haka. A laftof ɗin ƙanena, zafin ya haura 95 tun kafin a gama rabin lokaci na farko na wasan, nan take na gane inda matsalar take.

Mataki na biyu shi ne tsafta, kuma a Kaduna shi ne ya fi kowanne tasiri a kan tsohuwar na'ura. Ƙurar hunturu da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka na zuƙe ta kullum, ta haɗu da zaren tufafi da na kafet, ta toshe siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita. Sai kuma a shiga zafin Maris da Afrilu, lokacin da ɗaki kansa ke ɗaukar zafi kamar tanda, ga shi kuma ba wuta balle a kunna fankar sama. Ka kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ka cire caja, ka kwance kusoshin murfin ƙasa da ƙaramar sukudireba, kana ajiye su a kan takarda bisa tsarin ramukansu domin tsawonsu yakan bambanta. Abu na farko da za ka yi bayan buɗewa shi ne zare wayar batir daga jikin allon uwa, wato babban allon da kayan ciki ke jone da shi. Idan ka ga batirin ya kumbura, ka dakata a nan, ka canza shi kafin komai, domin ƙara wa na'ura zafi a kan kumburarren batir kasada ce da ba ta da amfani.

Ka cire fankar, ka duba tsakaninta da haƙoran ƙarfen. A ta ƙanena na zaro wata dunƙulalliyar ƙura mai kauri kamar guntun bargo, tsawonta daidai faɗin mafitar iskar, ta yadda da ƙyar iska ke samun hanya. Ka share da tsohon buroshin haƙori busasshe, kuma idan za ka hura iska mai ƙarfi, ka riƙe fukafukan fankar da yatsa don kada ta yi juyin da ya wuce ƙarfinta. Daga nan ka kwance kusoshin da ke danne bututun jan ƙarfe a kan farosesa, kana bin lambobin da aka buga a gefensu, ka ɗaga shi a hankali ba tare da ka lanƙwasa shi ba. Za ka tarar da man da ke isar da zafi daga farosesa zuwa ƙarfen, wanda a na'urar da ta shekara biyar ko shida yakan bushe ya zama kamar alli. Ka goge shi daga ɓangarorin biyu da auduga da sifirit har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ka mayar da bututun, ka ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan bi da bi har su zauna daidai. Ka nemi mai na kirki irin Arctic MX-4, kada ka yarda da farin man nan mara suna da ake sayarwa a ƙaramar roba, domin yakan bushe da wuri. Wanda hannunsa bai saba ba ya kai wa mai gyara, amma ya tsaya a kai ya ga an yi. Bayan haka ka daina ɗora ta a kan katifa ko darduma lokacin wasa. Tebur ko faranti mai faɗi ya isa, ka kuma ɗaga bayanta da murafen kwalba biyu don iska ta shiga ta ƙasa.

Mataki na uku shi ne RAM, kuma idan kuɗinka na abu ɗaya ne tak, to a nan za ka kashe shi. Tunda sashen hoto daga RAM yake ɗebo duk abin da zai zana, faɗin hanyar da ke tsakaninsu shi ne ke yanke hukunci. Sanda ɗaya ta DDR4-2400 tana iya wuce da gigabait 19.2 a daƙiƙa, sanduna biyu da ke aiki tare kuwa 38.4, wato ninki biyu cif. A DDR4-3200 lissafin ya zama 25.6 da 51.2. Laftof na ofis da ke shigowa kasuwanninmu a matsayin na hannu, irin HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 5490 da Lenovo ThinkPad T480, duk suna da gurbi biyu, amma sau da yawa za ka same su da sanda ɗaya mai gigabait 8, ɗaya gurbin fayau. Ka buɗe CPU-Z ka shiga shafin Memory: idan ka ga Single, ko 1 x 64-bit, to rabin hanya kake amfani da ita. Shafin SPD zai nuna maka girma da gudun sandar da ke ciki. Ka sayi wata mai girma ɗaya da gudu ɗaya, kuma ya fi kyau ka tafi da laftof ɗin shagon, a saka a gabanka, ka buɗe CPU-Z ka ga Dual, ko 2 x 64-bit, kafin ka biya. Ka lura cewa DDR3L na tsofaffin na'urori da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Sanduna biyu masu gigabait 4 sun fi sanda ɗaya mai 8 amfani ga sashen hoto, ko da yake ga wasannin yanzu biyu masu 8 su ne daidai. Idan RAM ɗin na'urarka a like take da allon uwa babu gurbi, sai ka haƙura ka wuce gaba.

Akwai wani saiti a BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows, da ake yawan ruɗar mutane da shi, wanda ke ware wa sashen hoto wani kaso na RAM tun daga tashi. Ƙara shi ba ya ƙara gudu, domin Windows da kanta tana ba sashen hoton abin da yake buƙata. Amfaninsa kawai shi ne wasu wasanni da ke ƙin tashi idan sun ga kason ya yi kaɗan.

Mataki na huɗu gajere ne: caja da saitin wuta. Ka yi wasa a jone da caja kullum, domin a kan batir na'ura tana rage ƙarfinta da gangan. Ka tabbatar cajar ta asali ce kuma ƙarfinta ya kai abin da aka rubuta a ƙasan laftof ɗin. Mai wat 65 ta fi mai 45 dacewa da abin da za mu yi a gaba. Laftof na Dell da HP masu zagayayyen baki suna gane cajarsu ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakin, kuma idan ba su gane ta ba sukan rage gudun farosesa ƙwarai. A Windows ka sa yanayin wuta a kan Best performance, ka sabunta direban girafik daga shafin Intel ko AMD ko na kamfanin laftof ɗin, ka rufe burauza da duk manhajojin da ke tashi da kansu. Sai ka maimaita awon minti ashirin ɗin nan ka rubuta. Mutane da yawa a nan za su ga bukatarsu ta biya.

Mataki na biyar shi ne wanda ya fi kusa da abin da ƙanena ya nema, kuma shi ne ke buƙatar natsuwa. Ga masu Intel, manhajar ita ce ThrottleStop, ana samun ta a shafin TechPowerUp. Ka fara da rage boltej, wato ƙarfin wutar da ake ba farosesa. Kamfani yakan ba kowace farosesa wuta fiye da abin da take buƙata kaɗan don a tabbatar duk wadda ta fito daga masana'anta za ta yi aiki, to idan ka rage wannan rarar, zafi zai ragu, kuma wat 15 ɗin nan za su ɗauki aiki fiye da da. Ka danna FIVR, ka zaɓi CPU Core, ka sa alama a Unlock Adjustable Voltage, ka ja Offset Voltage zuwa milibolt 50 ƙasa da sifili. Ka yi daidai wannan ga CPU Cache. Ga Intel GPU da iGPU Unslice, ka sa musu adadi iri ɗaya su biyun, ka fara da 30 ƙasa da sifili. A ƙasan tagar ka zaɓi kada a adana boltej tukuna, domin idan na'urar ta sandare, da ka sake kunna ta za ta dawo yadda take. Ka gwada da TS Bench da ke cikin manhajar, sannan ka buga wasa na rabin sa'a. Idan lafiya, ka ƙara rage milibolt 10, ka sake gwadawa. Ranar da allo ya yi shuɗi, ko wasa ya rufe kansa, ko TS Bench ya nuna kuskure, ka koma baya da milibolt 20 ka tsaya a nan. Kowace farosesa da nata haƙurin, ko da lambarsu ɗaya, saboda haka kada ka kwafi adadin wani. Ka kuma gwada ta tana zaune ba aiki da kuma lokacin farkawa daga barci, don sau da yawa a nan ne rashin isasshen boltej ke bayyana, kuma kada ka yi wannan gwaji a ranar da kake da aikin makaranta ko na ofis a buɗe.

Ba kowa ne zai samu wannan ƙofa a buɗe ba. Tana aiki ne daga ƙarni na 4 zuwa na 10 na Intel. A Disambar 2019 masu bincike suka bayyana wata kafar tsaro da aka sa wa suna Plundervolt, wadda ke amfani da rage boltej, daga nan kamfanoni da yawa suka rufe damar ta hanyar sabunta BIOS, kuma farosesan U na ƙarni na 11 zuwa sama a kulle suke zuwa. Za ka gane an kulle taka idan ka ja ma'aunin amma jadawalin da ke saman tagar FIVR ya ci gaba da nuna sifili. A Windows 11 kuma, tsaron da ake kira Memory integrity yana hana ThrottleStop isa ga boltej. Ana iya kashe shi, amma kariya ce ta gaske, kuma ni ban ga dalilin cire ta a na'urar da ake shiga asusun banki da ita ba.

Ko an kulle boltej, akwai dabara ɗaya da ta rage wadda a ganina ita ce mafi daraja a wannan mataki. Tunda farosesa da sashen hoto kwano ɗaya suke ci, duk wat ɗin da farosesa ta ja don ta haura zuwa gigahaz 3.4, daga bakin sashen hoto ta ƙwace shi, alhali a yawancin wasanni sashen hoton ne ke wahala. Ka sa alama a Disable Turbo a babbar tagar ThrottleStop, ko kuma, idan an bari, ka rage Turbo Ratio Limits a FIVR zuwa 24 ko 26, wato gigahaz 2.4 ko 2.6. Ka duba HWiNFO64: idan gudun sashen hoto ya tashi ya tsaya a samansa kuma FPS ya daidaita, ka bar shi haka, idan wasan na masu cin farosesa ne kuma ya ƙara nauyi, ka mayar. A laftof ɗin ƙanena wannan ne ya kawar da 'yar ƙyaftawar da ta rage bayan tsafta da RAM.

Sai ɗaga iyakar wuta, wanda ba za ka taɓa ba sai zafinka a lokacin wasa yana ƙasa da digiri 85. A tagar TPL akwai PL1, iyakar dogon zango, da PL2, ta gajeren lokaci wadda na'ura ke amfani da ita na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta sauko. Wannan saukowar ce ke sa wasa ya fara da kyau sannan ya yi sanyi. Intel da kanta ta rubuta cewa ana iya saita i5-8250U har wat 25, saboda haka ka ɗaga PL1 daga 15 zuwa 18, ka gwada, sannan 20, sannan 22, kana kallon zafi a kowane hawa, ka tsaya da zarar ya fara taɓa 90. Maɓallin Limits zai nuna maka da jan launi abin da ke danne na'urar a wannan lokacin. Wasu laftof suna da wani ɗan guntu a allon uwa da ke mayar da iyakar zuwa 15 komai ka rubuta, idan taka haka take to ka bar ta. Ka tuna cewa ba farosesa kaɗai ke ɗaukar zafi ba. Ƙananan kayan da ke tace mata wuta a allon uwa ba su da fanka a kansu, kuma su ne ke fara gajiya idan an matsa.

Masu Ryzen za su yi amfani da Universal x86 Tuning Utility, ko RyzenAdj ga wanda ya saba da rubuta umarni. A can iyakokin uku ne, STAPM da Slow da Fast, kuma a RyzenAdj da miliwat ake rubuta su, wato 20000 na nufin wat 20. AMD ta ba Ryzen 5 3500U tazara daga wat 12 zuwa 35, amma ƙaramar fankar laftof siririya ba za ta iya da saman wannan tazara ba, don haka ƙa'idar ɗaya ce: wat biyu ko uku a kowane hawa, ka sa iyakar zafi a 90, ka gwada.

Duk waɗannan saituna ba sa zama dindindin, idan an kashe na'urar sukan goge sai manhajar ta sake ɗora su, kuma wannan alheri ne. Idan abu ya rikice, ka rufe ThrottleStop, ka goge fayil ɗin ThrottleStop.INI da ke cikin jakarsa, ka kashe na'urar gaba ɗaya ka sake kunnawa. Sai bayan mako guda ba matsala za ka adana boltej, ka kuma sa manhajar ta riƙa tashi da Windows ta Task Scheduler. Ka ajiye saiti biyu, na wasa da na aikin yau da kullum, kuma saitin da ya zauna lafiya a sanyin Disamba ka sake auna shi idan Maris ya shigo. Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne ɗora wa laftof BIOS da wani ya yi wa kwaskwarima don buɗe saitunan da aka ɓoye. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, ko fayil ɗin bai dace da allonka ba, na'urar ba za ta ƙara tashi ba sai an kai ta wurin mai injin sake rubuta guntun BIOS, garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mataki na ƙarshe a cikin wasan kansa yake. Allo mai 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600, mai 1280 da 720 kuwa 921,600, ƙasa da rabi, saboda haka saukowa zuwa 720 yana sauke wa sashen hoto kaya fiye da duk wani obakilok da za a iya yi masa, kuma a allo mai inci 14 hoton bai munana ba. Ka rage inuwa da hasken da ke dawowa daga ruwa da gilashi da gyaran gefen hoto, su ne suka fi cin ƙarfi. Idan wasan yana da FSR, fasahar da AMD ta fitar a 2021 wadda ke zana hoto ƙarami ta faɗaɗa shi, ka kunna ta, tana aiki har a girafik na Intel. Daga nan ka buɗe RivaTuner ka ƙayyade FPS a adadin da na'urar ke iya riƙewa ba sauka, 30 ko 40 ga wasanni masu nauyi kamar GTA V, 60 ga masu sauƙi. Wasan da ke tsaye a 30 ya fi daɗin hannu a kan wanda ke lilo tsakanin 50 da 20, kuma ƙayyadewar tana ba farosesa hutu tsakanin hoto da hoto, zafi ya ragu. Ka sake buga minti ashirin ɗin nan a wurin da ka fara, ka rubuta sabbin lambobin a gefen na farko a takardarka, ka adana ta domin awon da za ka sake yi bayan ka share fankar a ƙarshen hunturu mai zuwa.